Wasiƙa ga Edita: Jagorancin Matan Latin Amurka Daga Gona da Otal Ya Faro

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci kan wani ɓangare na siyasar Amurka da kafofin labarai na Hausa ba su cika waiwayarsa ba, wato rawar da mata 'yan asalin ƙasashen Latin Amurka suke takawa a ƙungiyoyin ƙwadago, da fafutukar kare haƙƙin baƙi, da neman muƙaman siyasa. Galibi ba a jin sunan waɗannan mata sai ranar da ɗayarsu ta kafa tarihin hawa wata kujera, kamar yadda aka yi a 2009 lokacin da Sonia Sotomayor ta shiga Kotun Ƙoli, ko a 2018 da Alexandria Ocasio-Cortez ta ci zaɓen Majalisar Wakilai tana da shekara 29. Labari ne mai daɗin ji, sai dai mai karatun da ya tsaya a kansa zai zaci jam'iyyun siyasa ne suka ga dama wata rana suka buɗe ƙofa. A nawa ganin, ƙarfin da ya sa jam'iyyun suke sauraron wannan al'umma an tara shi ne cikin shekara kusan 90, a gonakin inabi da rumfunan ɓare 'ya'yan itace da ɗakunan otal, kuma mata ne suka yi mafi yawan ɗawainiyar tara shi.

Tushen maganar yana cikin doka. A 1935, zamanin Shugaba Franklin Roosevelt, Amurka ta kafa dokar da ta ba ma'aikata 'yancin kafa ƙungiya da tilasta wa mai kamfani ya zauna teburin ciniki da su. Shekara uku bayan haka, a 1938, aka yi wata dokar da ta ƙayyade mafi ƙarancin albashi da kuɗin ƙarin lokacin aiki. Dukkan dokokin biyu sun tsame ma'aikatan gona da masu aikatau a gidaje, kuma babban dalilin hakan shi ne 'yan majalisar jihohin kudu ba su so a taɓa tsarin da baƙaƙen fata suke yi wa fararen fata aiki a kan kuɗi ƙalilan. A yammaci da kudu maso yammacin ƙasar kuwa, waɗanda suke yin irin waɗannan ayyuka su ne 'yan asalin Meziko da 'yan Filifin. Ma'anar wannan ita ce, duk macen da ta tashi haɗa kan masu tsinkar inabi ko auduga ba ta da hukumar da za ta kai ƙara idan aka kori mutanenta, saboda haka dole ta nemo wasu hanyoyi.

Tun kafin a ji ɗuriyar manyan sunayen da aka sani a yau, akwai Emma Tenayuca a birnin San Antonio na jihar Teksas. A wancan lokaci birnin ne cibiyar ɓare wani ɗan itace mai taurin ɓawo da ake kira pecan, kuma da hannu ake aikin. Mata ne suka fi yawa a cikinsa, suna zaune a jere kan benci a rumfunan da iska ba ta shiga sosai, ƙurar ɓawon tana cika musu huhu a garin da tarin fuka ya riga ya yi katutu, kuma abin da mutum zai samu a mako bai cika wuce dala 2 zuwa 3 ba. Da masu kamfanoni suka rage kuɗin da ake biya a kan kowace laba da senti ɗaya, ma'aikata kusan 12,000 suka ajiye aiki a ƙarshen Janairun 1938, suka kuma zaɓi Tenayuca, wadda shekarunta 21 ne kacal, ta shige musu gaba. 'Yan sanda sun yi amfani da kulake da barkonon tsohuwa, sun kuma tsare ɗaruruwan mutane. An kai ga sulhu bayan makonni, aka mayar da wani ɓangare na kuɗin da aka zabtare. Abin da ya biyo baya ne ya fi ɗaci, domin da dokar 1938 ta tilasta a riƙa biyan senti 25 a sa'a a masana'antu, sai kamfanonin suka shigo da injuna, dubban matan da suka yi yajin aikin suka rasa abin yi. Ita kanta Tenayuca, saboda kasancewarta 'yar jam'iyyar kwaminisanci, an toshe mata duk wata hanyar samun aiki har ta bar garin, kuma sai bayan shekaru masu yawa ta dawo ta kama koyarwa a makaranta.

Cikin waɗanda uwar ƙungiya ta tura San Antonio domin taimaka wa masu yajin akwai Luisa Moreno, haifaffiyar Gwatemala, wadda ta fara da haɗa kan mata masu ɗinki a New York, ta wuce wurin masu naɗa taba a Florida, daga baya ta zama mataimakiyar shugaban ƙungiyar ma'aikatan gwangwani da sarrafa amfanin gona ta ƙasa. Ita ce ta jagoranci shirya babban taron al'ummomi masu magana da Sifaniyanci a Los Angeles a 1939. A 1950 hukumar shige da fice ta matsa mata lamba da barazanar tasa ƙeyarta, sai ta fice daga ƙasar. Darasin da labarinta ya bari ga na baya a fili yake: idan ana iya korar shugabar ƙungiya daga ƙasa baki ɗaya, to batun ƙwadago da batun takardun zama ba sa rabuwa.

Dolores Huerta ce aka fi sani, kuma ta cancanci hakan. An haife ta a 1930 a jihar New Mexico, ta tashi a garin Stockton na Kalifoniya inda mahaifiyarta take da otal da gidan abinci. Ta fara aikin koyarwa, amma ta bari saboda ta ga yaran leburorin gona suna zuwa aji da yunwa kuma babu takalmi, ta yanke shawarar cewa taimaka wa iyayensu su samu albashi mai kyau ya fi amfani. Hanyar da ta koya a wurin Fred Ross, wani ƙwararre a aikin haɗa kan al'umma, a tsakiyar shekarun 1950 mai sauƙin faɗa ce, mai wuyar yi: a samu iyali ɗaya su gayyato maƙwabta kaɗan falonsu da dare, a saurari kukansu, a roƙi ɗaya daga cikin mahalarta ya shirya irin wannan zama a nasa gidan, a yi ta haka har a zagaye unguwa. A 1962 ita da Cesar Chavez suka kafa ƙungiyar ma'aikatan gona wadda daga baya ta zama UFW. Yajin aikin inabi na garin Delano a Kalifoniya kuwa leburori 'yan Filifin ne suka fara shi a Satumban 1965 a ƙarƙashin Larry Itliong, sannan 'yan Meziko suka mara musu baya, gaskiyar da ake yawan mantawa da ita.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a aikin Huerta shi ne yadda ta mayar da giɓin doka ya zama makami. Dokar tarayya ta hana ƙungiyoyin da take karewa su matsa wa kantunan da suke sayar da kayan kamfanin da ake rikici da shi, amma tunda an tsame ma'aikatan gona daga dokar, wannan hani bai hau kansu ba. Huerta ta tafi New York ta jagoranci kamfen ɗin ƙaurace wa sayen inabi, inda leburorin da ba su taɓa ganin dusar ƙanƙara ba suka tsaya a ƙofar manyan kantuna suna roƙon matan gida su bar inabin a kan kanta. Ita ce kuma ta zauna teburin ciniki da kamfanin Schenley mai gonakin inabi a 1966, ta fito da yarjejeniyar farko, a zamanin da masu gonaki ba su saba ganin mace ta ja da su a kan lissafi ba. A Yulin 1970 manyan manoman inabi na Delano suka sa hannu, kuma a 1975 jihar Kalifoniya ta yi tata dokar da ta ba ma'aikatan gona 'yancin kafa ƙungiya. A wannan shekarar ce kuma aka haramta fartanya mai gajeriyar ƙota, wadda take tilasta wa lebura yini a sunkuye har bayansa ya lalace. Duk wannan Huerta ta yi shi ne tana da 'ya'ya 11, ana kuma sukar ta a kan barin gida. A 1988, tana da shekara 58, 'yan sanda suka doke ta a wata zanga-zanga a San Francisco har suka karya mata haƙarƙari, likitoci suka cire mata saifa. Lambar yabo mafi girma ta farar hula da Shugaba Barack Obama ya ba ta sai a 2012 ta zo.

Adalci ya sa a faɗi cewa ƙungiyoyin ƙwadagon Amurka, har da ita UFW, sun daɗe suna kallon baƙin da ba su da takardu a matsayin abokan gaba. A 1974 UFW ta yi kamfen na kai rahoton baƙin haure ga hukumar shige da fice, bisa hujjar cewa masu gonaki suna kawo su ne domin karya yajin aiki. Babbar haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, AFL-CIO, ta goyi bayan sashen dokar 1986 da ya tanadi tara ga duk wanda ya ɗauki marar takarda aiki, dokar da a ɗaya gefen ta halatta zaman mutum kusan miliyan 2.7. A aikace, wancan sashe ya koma hannun masu kamfanoni, domin mai otal ko mai masana'anta kan kau da kai daga takardun ma'aikatansa shekara da shekaru, amma ranar da ya ji ƙishin-ƙishin ana shirin kafa ƙungiya sai ya tuna cewa doka ta ce a bincika.

Sauya wannan matsayi shi ne, a ra'ayina, babban aikin da matan Latin Amurka suka yi wa ƙwadago, kuma shi ne wanda aka fi yin shiru a kansa. María Elena Durazo 'yar leburorin gona ce masu bin kaka daga wannan yanki zuwa wancan. Ta shiga reshen ƙungiyar ma'aikatan otal da gidajen abinci na Los Angeles a lokacin da mafi yawan mambobin reshen Sifaniyanci suke ji, amma shugabannin suka ƙi yarda a riƙa fassara abin da ake faɗa a taro. Mai gyaran ɗaki za ta biya kuɗin ƙungiya duk wata, ta zo taro ta zauna, a yanke hukunci a kan albashinta cikin harshen da ba ta fahimta. Durazo ta ƙalubalance su, ta karɓe shugabancin reshen a 1989, ta mayar da shi ɗaya daga cikin rassan da suka fi zafi a ƙasar. A matakin ƙasa kuma, Linda Chavez-Thompson, wadda ta fara aiki a gonar auduga a Teksas tun tana yarinya, ta zama mataimakiyar shugabar zartarwa ta AFL-CIO a 1995. Matsin lambar ƙungiyoyin ma'aikatan otal, da masu share ofisoshi, da ma'aikatan gona ya sa a Fabrairun 2000 AFL-CIO ta juya akalarta gaba ɗaya, ta nemi a halatta zaman baƙin haure, a kuma soke tarar da ta taɓa goyon baya. A 2003 Durazo ta jagoranci ayarin motocin bas da suka ɗauko ma'aikata baƙi daga birane daban-daban zuwa Washington da New York, suna koyi da matafiyan neman 'yancin baƙaƙen fata na 1961. Daga 2006 zuwa 2014 ita ce ta shugabanci tarayyar ƙungiyoyin ƙwadago ta gundumar Los Angeles, kafin a zaɓe ta majalisar dattawan Kalifoniya a 2018. Kotuna ba su bi sahu ba, domin a 2002 Kotun Ƙoli ta yanke cewa marar takardar da aka kora saboda shiga harkar ƙungiya ba shi da haƙƙin a biya shi albashin da ya rasa.

Daga nan ne hanyar ta miƙe zuwa akwatin zaɓe. A 1994 masu jefa ƙuri'a a Kalifoniya, da goyon bayan Gwamna Pete Wilson, suka amince da ƙudurin da aka fi sani da lamba 187, wanda ya nemi hana baƙin haure makarantun gwamnati da asibiti sai dai a halin gaggawa. Kotun tarayya ta dakatar da shi, amma tsoron da ya jefa a zukata ya sa ɗimbin mutanen da suka daɗe da izinin zama suka nemi zama 'yan ƙasa, suka yi rajistar zaɓe, kuma ƙungiyoyin ƙwadago ne suka riƙa bin su gida-gida. A zaɓen 1994 ɗin Hilda Solis ta shiga majalisar dattawan jihar. Mahaifinta ɗan Meziko ne, wakilin ƙungiya a wata masana'antar sarrafa batir, mahaifiyarta kuma 'yar Nikaraguwa ce da take aiki a kamfanin haɗa kayan wasan yara. Da gwamna ya hau kujerar na-ƙi kan ƙudurinta na ƙara mafi ƙarancin albashi, sai ta ɗebi kuɗi daga asusun kamfen ɗinta ta taimaka aka kai batun gaban jama'a, kuma a 1996 suka amince a ɗaga shi daga dala 4.25 zuwa 5.75 a sa'a. A 2009 ta zama sakatariyar ƙwadago ta ƙasa.

Zanga-zangar 2006, wadda aka yi domin adawa da ƙudurin da zai mayar da zama ba takarda babban laifi, ta fito da mutum kusan 500,000 a Los Angeles a rana ɗaya, kuma cikin masu shirya ta akwai Angelica Salas ta ƙungiyar kare haƙƙin baƙi ta CHIRLA, wadda ita ma tana ƙaramar yarinya aka tsallako da ita daga Meziko. Bayansu sai matasan da aka kawo suna yara suka karɓi tutar. Gaby Pacheco da abokan tafiyarta uku sun taka a ƙasa daga Miami zuwa Washington a 2010, tafiyar mil 1,500, suna bayyana a fili cewa yawancinsu ba su da takardu, yayin da Cristina Jiménez, haifaffiyar Ekwado, take cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar United We Dream. Matsinsu ya haifar da shirin DACA a Yunin 2012, wanda ya dakatar da korar irin waɗannan matasa ya kuma ba su izinin aiki. Umarnin shugaban ƙasa ne, majalisa ba ta taɓa mayar da shi doka ba, shi ya sa ya shafe shekaru yana yawo a kotuna.

Wanda yake son ganin yadda wannan ƙarfi yake aiki a yau, ya dubi Las Vegas. Ƙungiyar ma'aikatan otal da gidajen caca ta birnin, da ake kira Culinary, tana da mambobi kusan 60,000, kuma fiye da rabinsu mata ne. Geoconda Argüello-Kline ta baro Nikaraguwa a 1979, ta yi shekaru tana tura keken zanin gado da tawul daga ɗaki zuwa ɗaki, tana cikin waɗanda suka yi ɗawainiyar yajin aikin otal ɗin Frontier da aka fara a 1991 aka gama a 1998, sannan ta riƙe ragamar ƙungiyar daga 2012 zuwa 2022. Yarjejeniyar da ƙungiyar ta ƙulla da otal-otal ta ba mamba damar ɗaukar hutun aiki na watanni ya yi wa ƙungiya hidima ba tare da ya rasa gurbinsa ba. Saboda haka idan zaɓe ya ƙarato, masu gyaran ɗaki da masu wanke kwanuka ne suke fita cikin zafin hamada suna ƙwanƙwasa ƙofofi, suna magana da maƙwabtansu cikin harshen da suke ji. Catherine Cortez Masto, mace ta farko 'yar asalin Latin Amurka a Majalisar Dattawan ƙasar, lauya ce da ba ta taso a ƙungiya ba, amma a 2022 ta tsira da kujerarta da ratar da ba ta kai ƙuri'a 8,000 ba, nasarar da ta bar majalisar a hannun jam'iyyar Dimokurat, kuma da wuya a samu mai sharhin da zai cire hannun waɗancan mata daga wannan rata.

Ba na so mai karatu ya ɗauka cewa waɗannan mata duk layi ɗaya suke bi, ko kuma hawansu kujera yana nufin alheri ga lebura kai tsaye. Ileana Ros-Lehtinen, haifaffiyar Kyuba da ta fara shiga majalisar tarayya a 1989, 'yar Rifablikan ce, haka ma Susana Martinez da ta zama gwamnar New Mexico a 2011 ta kuma yi ta ƙoƙarin hana baƙin haure lasisin tuƙi. Shugaba Donald Trump, wanda ya samu fiye da kashi 40 cikin 100 na ƙuri'un wannan al'umma a 2024, ya naɗa Lori Chavez-DeRemer sakatariyar ƙwadago a 2025, a gwamnatin da ta sa korar baƙi a sahun gaba. Abin da ya faru a Los Angeles a 2022 ya fi duka muni: an fallasa wani faifan murya da aka ji Nury Martinez, shugabar majalisar birnin, tana furta kalaman ƙasƙanci a kan ɗan wani abokin aikinta, yaro baƙar fata, da kuma baƙi 'yan asalin jihar Oaxaca ta Meziko. An yi zaman ne a ofishin tarayyar ƙwadagon da Durazo ta taɓa jagoranta, ana tattauna yadda za a yanka mazaɓu, kuma Martinez da shugaban tarayyar na lokacin duk sun yi murabus. Cikin waɗanda suka fito titi suna neman ta sauka har da 'yan Oaxacan da aka zaga, waɗanda da yawansu a kicin ɗin gidajen abinci da gonaki suke aiki.

Shi ya sa, Malam Edita, nake roƙon idan wannan jarida za ta kawo labarin wata daga cikinsu, ta haɗa da abin da ya sauya ga mai aiki da hannunta. Har yanzu dokar tarayya ta 1935 ba ta shafi ma'aikatan gona da masu aikatau ba, jihohi ƙalilan ne suka cike giɓin, kamar New York da ta yi dokar kare masu aikatau a 2010, da Kalifoniya da ta amince a 2016 a riƙa biyan leburan gona kuɗin ƙarin lokaci, bisa ƙudurin 'yar majalisar jihar Lorena Gonzalez. Macen Latin Amurka mai cikakken aiki tana samun ƙasa da senti 60 a kan kowace dala da namiji farar fata yake samu. Batun cin zarafin mata a gonaki ma bai samu kunnen manyan kafofi sosai ba sai a 2017, lokacin da Mónica Ramírez ta rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa a madadin mata ma'aikatan gona 700,000 zuwa ga taurarin fina-finai da suka fara tona asirin masu cin zarafinsu. Tun 2018 Teresa Romero, wadda a Meziko aka haife ta, take shugabantar UFW, amma ƙungiyar da ta gada ta ragu ƙwarai idan aka kwatanta da shekarun 1970, kuma kaso mai yawa na mutanen da take son haɗa kansu ba su da takardun zama, ba su da ƙuri'a, suna kuma fita gona da fargabar samamen jami'an shige da fice.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Wassalam,
Wani mai karatu